Injin yanke ciyawa na hawa ya ƙi tashi bayan rani: ku faɗa mana yadda kuka yi da naku

Mai kula da fili, Yelwa, Bauchi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke kula da filin ƙwallon wata makaranta a nan Yelwa. Muna da injin yanke ciyawa irin wanda ake hawa kamar ƙaramar tarakta, mai injin Briggs & Stratton. Tun watan Nuwamba da ciyawa ta bushe na tura shi sito, ban sake bi ta kansa ba. Yanzu damina ta kankama, ciyawa ta kusa gwiwa, hankalina bai kwanta ba saboda yara da macizai. Jiya na hau na murɗa makulli, shiru, ko ƙas bai yi ba. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba mu labari.

Bakanike, Wunti:
Wa'alaikumus salam Malam. Tunda ka ce shiru, ka bar kafireta tukuna, matsalar ta wuta ce. Batirin nan mai bolt 12 ne, in ya cika mita za ta nuna wajen 12.6. In ka ga ya sauka ƙasa da 12, ya zube, kuma wata shida a zafin sito ya isa ya zubar da shi. Duba kawunan batirin ma, in farin gari ya taru ka kankare ka ɗaure da kyau. Da a ce kana jin ƙas-ƙas amma kik ba ya juyawa, da na ce ko batir mara ƙarfi ko sulanoyid, wato ɗan makunnin da ke tura wa kik wuta daga batir.

Hajiya mai wurin biki, Fadaman Mada:
Ɗana, kafin ka kashe ko sisi ka duba sandar da ke kunna wuƙaƙen. Bara namu ya yi kwana uku a ajiye, ga biki ranar Asabar, har na sa aka sayo sabon batir, bai tashi ba. Ashe yaron da ya wanke shi ne ya bar sandar a kunne. An yi injin ne yadda ba zai tashi ba sai wuƙaƙe na kashe, ka take birki har ƙasa, wasu ma sai kana zaune daram a kujera. Ana mayar da sandar, murɗawa ɗaya ya kama. Kuɗin batirin nan har yau yana min ciwo.

Mai gidan gona, Tumfure, Gombe:
Nawa daban ne, kik na juyawa lafiya lau amma injin ba ya kamawa. Na zare fulogi na same shi a bushe ƙayau, nan na gane mai ba ya isowa. Da na kwance kofin da ke ƙasan kafireta, abin da na gani ya ba ni tausayin injin: fetur ɗin ya koma ruwan ɗorawa mai duhu, yana wari kamar tsohon fenti, ƙasan kofin kuma wani danƙo ya manne, in ka taɓa sai ya bi yatsa. Ƙaramin ramin da mai ke bi ya toshe gaba ɗaya. Na juye sauran man tankin a kwalba na ajiye, bayan ɗan lokaci sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa. Man na 'yan bumburutu ne, na saya lokacin da layi ya yi tsawo a gidan mai.

Na wanke kafiretan, na zura siririyar wayar tagulla a ramin a hankali, na canja matatar mai. Wani abu kuma da yawanci ba a lura da shi: a gindin kofin akwai ɗan sulanoyid mai waya da ke buɗe wa mai hanya. Ka sa wani ya murɗa makulli kai kuma ka kasa kunne, ya kamata ka ji ƙyas. Nawa danƙo ya riƙe shi, sai da na jiƙa shi ya saki. Tun daga lokacin, in zan ajiye shi na rani sai na tsiyaye tanki, na bar shi yana aiki har ya mutu da kansa.

Ɗan Bayara:
Ku ƙara da ɓera da zanzaro. Ni zanzaro ne ya gina laka a bakin salansa, matatar iska kuma ƙurar hunturu ta cika ta.

Bakanike, Wunti:
Alhaji na Tumfure ya yi bayani. Abin da zan roƙe ku, kada wanda ya haɗe wayar makunnin kujera, wanda ke kashe injin in an tashi daga kanta, don gudun wahala. Na ga masu yi, kuma wuƙar nan ba ta san ƙafar yaro ba. Kafin hannu ya je ƙarƙashi a zare hular fulogi. Sannan a shinshina sandar auna baƙin mai, in tana warin fetur to kafireta na yoyo cikin injin, a canja baƙin man kafin a tayar. Akwai kuma wanda kik zai ɗan juya ya tsaya kamar an riƙe shi alhali batir na da kyau. Sau da yawa tazarar bawul ce ta buɗe, a saita ta bisa littafin injin, kada a yi gaggawar sayen sabon kik.

Mai kula da fili, Yelwa, Bauchi:
Allah Ya saka muku da alheri. Hajiya, sandar a kashe take. Batir ya nuna 11.3, na kai caji ya kwana, na dawo da shi amma har lokacin shiru. Sai na tuna maganar Ɗan Bayara, na haska tocila ƙarƙashin sitiyari, ga kashin ɓera, ga jar waya an gwigwiye ta tana taɓa ƙarfe, fiyus ya ƙone. Na naɗe wayar, na sa fiyus mai lamba irin ta tsohon, na juye tsohon mai na zuba sabo. A murɗawa ta uku da cok ya kama. Na yanke rabin filin kafin La'asar.

Sai dai in na kunna wuƙaƙe a wurin da ciyawa ta yi kauri, ƙarar na hawa da sauka kamar zai mutu. Oga na Wunti, kafiretan zan kwance, ko in fara ɗaga wuƙaƙen sama in bi filin sau biyu?