Wane shugaba zan nuna wa ɗana?

Uwar Samari, Kafanchan:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Ɗana mai shekara 16 ya daina zuwa sujada, wata biyu ke nan. Ranar Lahadi na tare shi a bakin ƙofa, sai ya ce, "Mama, wa'azi kam kunnena ya cika. Nuna mini mutum ɗaya da yake aikata abin da yake faɗa." Na rasa ta cewa, na shige ɗaki ina hawaye. Don Allah ku ba ni sunayen shugabanninmu na nan gida, waɗanda zai iya bincikawa da kansa.

Ɗan Jimeta:
Mama, ki ba shi labarin Bishop Stephen Mamza na Yola. A 2014 da Boko Haram suka ci Mubi, jama'a suka kwararo Yola, wasu da ƙafa. Ya buɗe musu harabar cocin Saint Theresa. Na je can da kaina: tabarmi ko'ina, mata na tuƙa tuwo a manyan tukwane, ba wanda ake tambaya addininsa kafin a zuba masa. A 2021 aka buɗe gidaje 86 da ya gina wa 'yan gudun hijira a Sangere-Marghi, da coci da makaranta, har da masallaci domin Musulmin cikinsu. Wasu namu sun yi gunaguni a kan masallacin, bai fasa ba.

Malamin Makarantar Lahadi:
Akwai Fasto James Wuye na Kaduna. A rikicin addini na 1992 ya rasa hannunsa, amma tun 1995 yake aikin sulhu tare da Imam Muhammad Ashafa, wanda dā abokin gabarsa ne. In irin wannan ya yi wa'azin gafara, wa zai ce bai san zafinta ba?

'Yar Michika:
Ni Rabaran Lawan Andimi na cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) ne ba ya fita raina. 'Yan Boko Haram sun sace shi a Janairun 2020. A bidiyon da suka ɗauke shi, cikin natsuwa ya nuna bai karaya ba, komai yana hannun Allah. Cikin watan suka kashe shi. Har yau in na tuna fuskarsa sai jikina ya yi sanyi.

Dattijon Ikilisiya:
'Yata, duk waɗannan gaskiya ne, sai dai a waya kawai yaron zai gan su. Ni abin da ya riƙe ni ina saurayi faston ƙauyenmu ne. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, tsohon keke kawai gare shi. Da damina, kafin ya taɓa tasa gonar, sai ya saɓa fartanya ya nufi gonar wata gwauruwa da asuba. Bai taɓa ambata wannan a mumbari ba. Ni na gan shi, wando naɗe zuwa gwiwa, ƙafa duk taɓo. Ki duba ikilisiyarku da kyau, ba za a rasa irinsa ba. Ki roƙe shi ya riƙa tafiya da yaron in zai je gaida marasa lafiya a asibiti.