An ba ƙanena beli, amma mun rasa mai tsaya masa

Salamu alaikum. Jama'a, ina neman shawara. Wata biyar ke nan ƙanena yana tsare a gidan gyaran hali a nan Kano kan zargin sayen wayar sata, ko shaida ɗaya ba a saurara ba. Alƙali ya ba da beli, amma sharaɗin shi ne ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 ya tsaya masa. Mu 'yan kasuwa ne a Kurmi, duk wanda muka roƙa sai ya ja baya. Mahaifiyarmu ko barci ba ta yi.

Na ji dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana tsaurara sharuɗɗan beli. To yaya ake neman a sassauta? A kotun da ta sa sharaɗin, ko sai Babbar Kotu? Mai unguwarmu ya yarda ya tsaya masa, za a karɓa?