Hoton ƙwallon kakanmu ya haɗa ni da Baffa, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana, akwai 'yan gidanmu a zauren nan.

Gidanmu na gado yana Tudun Wadan Zariya. Mu uku muka taka leda a jere, kakana da babana da ni, yanzu ga yarona ɗan shekara 12 shi ma ko barci zai yi da ƙwallo a gefen katifa. Kaka ma'aikacin reluwe ne, a loko, wurin gyaran jiragen ƙasa, ya yi aiki a Sabon Gari har ya aje. Ni dai tsoho na taso na gani, mai carbi, ba ya son hayaniya. In muna buga tamaula a soro, labule kawai zai ɗaga ya dube mu, kowa ya kama gabansa. Ko a mafarki ban taɓa kawo cewa ya taɓa ƙwallo ba.

Bara Iya, matar Kaka, ta sa ni in fito mata da zannuwa daga adaka ta shanya, sai ga hoto a ƙasan adakar, an naɗe shi a tsohon kallabi. Marar kala ne. Mutum shida a tsaye, biyar a tsugune, Kaka na biyu daga hagu a masu tsugunon, hannunsa kan ƙwallo irin mai igiyar ɗinki. Babu takalmi a ƙafarsa, bandeji ne kawai a idon sawu, amma uku daga na tsayen da but. A gabansu an jingina allo an rubuta shekara da alli, 195 ta fito, lambar ƙarshen gara ta cinye ta. Iya ta kalla ta yi dariya ta ce ai a bakin fili babanta ya fara ganinsa, har ya ce ba zai ba ɗan tamaula 'ya ba. Daga nan ta ja bakinta.

Babana, Allah ya jiƙansa, lamba biyar ya buga wa ƙungiyar wani kamfani har ya karye. Ni gola ne, nawa labarin ba daɗi, a bar shi.

Na ɗauki hoton na kai wurin masu hoto a unguwar PZ aka ƙara masa girma, na sa a Facebook ko wani zai gane kakansa a ciki. Kwana biyu sai ga Baffa, yayan babana, ya zo har gida ya karɓe na ainihin. Wai Kaka ya tuba da ƙwallo tun kafin ya je Makka, ya kuma ce kada a ƙara haɗa sunansa da ita. Yau wata huɗu ba ya amsa gaisuwata yadda ya saba. Abin da ya fi ci mini rai, akwai rubutu a bayan hoton, ban ɗauka a waya ba.

A ina zan samo sunan ƙungiyar da shekarar? Kuma yaya zan yi da Baffa?

Ɗan Kwarbai: Allah ya jiƙan magabata. Ka cire hoton tukuna, sannan a yi maganar bincike.

Tsohon Koci: Yaro, saurara da kyau, shekarata talatin a bakin fili. Rashin takalmin nan kada ya ba ka mamaki, kada kuma ka ɗauka talauci ne. 'Yan wasan Najeriya da suka je Ingila a 1949 yawancinsu haka suka buga, ƙafa da bandeji. Zamanin nan ƙwallo a hannun ma'aikatu take, reluwe da 'yan sanda da kamfanoni, kuma ƙungiyar reluwe ta Ikko ita ce dodon kowa a Kofin Gwamna da aka fara a 1945, wanda ya koma Kofin Ƙalubale. Sai a 1953 Kano ta ɗauko shi, karon farko da ya bar Ikko. To hotonka a tsakiyar wannan zamanin yake. Ba sai ka wahalar da kanka ba, ƙungiyar ma'aikatan reluwe ce ta Zariya, na gama magana. Hujja kuma tana jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan garin aka fara ta a 1939, Nigerian Citizen ma nan ake buga ta kafin New Nigerian ta gaje ta a 1966. Ka tafi Kaduna, Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ka bi shekara goman nan ɗaya bayan ɗaya. Baffanka kuwa rabu da shi, hoto ba nasa ba ne shi kaɗai.

Maman Biyu: Koci, "rabu da shi" fa kuka ce? Yayan uba uba ne. Ɗana, tambaya ɗaya zan yi maka: da ka fita da hoton, Iya ta sani?

Mai tambaya: Hajiya, ban dai faɗa mata da baki ba, amma tana zaune na sa shi a aljihu. Kuma ba sayarwa na yi ba. Da ban fito da shi ba, da gara ta ƙarasa shi, lamba ɗaya ta riga ta tafi.

Maman Biyu: Gani daban, izini daban. Mu haka wani ɗan ƙanena ya kwashi hotunan bikin mahaifiyarmu wai zai gyara, shekara shida ke nan, ko ɗaya bai dawo ba, in ka yi magana a ce ka cika mita. Har kwallayenta na jere haka aka yi da su. Ni na fahimci Baffanka sarai.

Na Samaru: Kafin ka kashe kuɗin mota zuwa Kaduna, fara leƙa Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a ABU ka tambayi sashen tsofaffin jaridu. Amma gaskiya ban yarda da Koci ba cewa dole ƙungiyar reluwe ce. Don mutum yana aiki a loko ba shi ke nuna can ya buga ba. Zai iya zama ƙungiyar unguwa, ko zaɓaɓɓun gari. Kuma jarida ta fi kawo sakamako da sunan wanda ya ci, in kakanka ɗan baya ne sai ka gama shekara goman ba ka gan shi ba. Tsofaffin 'yan fanshon reluwe za su fi maka amfani, su ma ka yi sauri.

Tsohon Koci: Malam na Samaru, karatu daban, fili daban. Ƙungiyar unguwa a wancan lokacin ina ta ga kuɗin jesi iri ɗaya, da mai hoto, da but har ƙafa uku? Ku yaran yanzu komai sai kun ja.

Na Samaru: Baba Koci, ai bai ce jesin iri ɗaya ba ne.

Mai tambaya: Iri ɗaya ne, sai na golan. Amma babu wani tambari a ƙirji.

Gola Ba Safar Hannu: Ni inda ka ce naka labarin a bar shi, nan na tsaya. Ejan ne ko? Ni ma wani ya karɓi kuɗin babur ɗina wai gwaji a Turai, ƙarshenta a wani masauki a Ikko na yi wata biyu ina cin garin kwaki. Shawarata ka bar tonon na matattu, ka tsare rayayyen da ke gabanka. Kada ka cusa wa yaron nan cewa ƙwallo gadonsu ce, ya zo ya ƙi boko.

Mai tambaya: Yarona yana zuwa boko da Islamiyya, ba ya fashi. So nake kawai ya san ba daga sama ya faɗo ba.

Tsohon Koci: Ƙyale shi, gado gaskiya ne. Dubi gidan su Babangida a Kaduna: Tijjani ya buga wa Ajax ya ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, Ibrahim yana cikin 'yan ƙasa da 17 da suka ɗauko kofin duniya a Japan a 1993, Haruna ya tashi a Barcelona. Shola Ameobi na Newcastle ma a nan Zariya aka haife shi a 1981, ƙannensa biyu duk sun buga. Mu matsalarmu ba ma ajiye komai. Ni kaina kofunan da na ci da yara suna wani ofis an jibga musu fayil, na yi zarya har na gaji. Kawo mini yaron ranar Asabar in ga ƙafarsa.

Malam Ƙarami: In dai da gaske marigayin ya bar wasiyya, a mutunta ta. Sai dai a bincika, ya faɗa a gaban mutane ne, ko Baffa kaɗai ya ji? Iya tana raye, ita za a tambaya, cikin ladabi.

Ɗan Kwarbai: Ni fa akwai abin da bai zauna mini ba. Hoto kaɗai ba ya sa dattijo ya share ɗan ƙanensa wata huɗu. An raba gadon gidan nan na Tudun Wada kuwa?

Mai tambaya: Wannan maganar daban ce, ba ta shafi hoto ba. Kuma ba ni na fara kai ta gaban mai unguwa ba.

Maman Biyu: To ka ji. Ashe da walakin goro a miya.

Mai tambaya: Hajiya don Allah kada a karkatar da zancen. Na ji masu cewa in cire hoton, amma jiya wani ya yi mini magana daga Kafanchan, ya ce na ƙarshe a tsaye ya yi kama da kakansa, shi ma ɗan reluwe ne, zai tambayi gwaggonsa. In na cire yanzu, wa zai ƙara gani?

Tsohon Koci: Ɗan reluwe! Me na faɗa muku?

Na Samaru: "Ya yi kama" ya ce, Baba.

Maman Biyu: Ka sayi goro da turare, ka ɗauki wani babba a dangi ku je wurin Baffa. Kada ka ce a ba ka hoton, ka roƙa a juya maka bayansa ka karanta a gabansa, shi ke nan.

Mai tambaya: Babban da zan ɗauka ai duk bakinsu ɗaya da shi. Zan dai jira na Kafanchan ɗin tukuna. Wanda ya san ranar da 'yan fanshon reluwe ke haɗuwa a Sabon Gari, don Allah ya sanar da ni.