"Haƙorin dariya shi ke cizo": a ina ake faɗin ta?

Maman Nana: Salamu alaikum 'yan Tawa. Ɗiyata ta fara famfara, na gaba biyu na ƙasa sun hita. Kakanta ya gan ta yace shi kam ya saki matarshi, bai zama da mai wawulo, yarinya ta fashe da kuka, sai innarmu tace "haƙorin dariya shi ke cizo". Ni dai ban ga ta shiga nan ba, ko ni ce ban gane ba?

Ɗan Garkawa: Wa alaikumus salam. Bata shiga ba sam. Wannan maganar cin amana ce, wanda kuke ci tare kuna dariya tare shi ke kai ka ƙasa. Kaka da jika ai wasa ne, wace amana aka ci?

Hajiya Babba: Kai ɗana kun cika kai magana nesa. Mu da muka tashi ko uwa ta daki ɗanta bayan ta gama yi mishi wasa ana faɗin ta, wato mai sonka shi ke iya ɓata maka. Da wani can a hanya ya ce mata mai wawulo da ba ta yi kuka ba, don tsohon ne ya mata zahi.

Ɗan Garkawa: To Hajiya in haka ne "tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa" ta fi dacewa, waccan akwai mugun nufi a ciki.

Hajiya Babba: Saɓawa sai mutum biyu, yarinyar mi ta yi mishi? Maman Nana an dai jefa haƙorin bisa soro ko? Kuma ta riƙa rufe baki, in ƙadangare ya ga giɓin ai ba ya fitowa, haka aka ce muna.

Maman Nana: An jefa Hajiya, amma sai da aka sha daru, wai 'yar ajinsu ta ce a Faransa ƙarƙashin matashi ake sawa ɓera ya ɗauka ya aje kuɗi, ita ma dala ashirin take so 😂

Mushe na lakwal: Ni CI nake riƙewa, wato ajin farko na firamare, rabin aji wawulo ne, ƙadangaru kuwa cike da bangon lakwal, kuma duk haƙoran suna fitowa, Hajiya a gafarce ni. Na nono 20 ne, suna fara zuba wajen shekara 6 har zuwa 12, na manya 32. Abin da ke damuna turmin farko na manya, shi ma wajen shekara 6 yake hudowa can baya ba tare da wani ya faɗi ba, iyaye su ɗauka na nono ne su bar shi ga alewa da bisap mai sukari har ya ruɓe, alhali shi ba ya da canji. A ba su asuwaki ko buroshi tun yanzu. Karin maganar kuma ina bayan Ɗan Garkawa, ban taɓa jin an faɗe ta ba sai an cuci wani.

Hajiya Babba: Mushe kai a takarda ka gan ta, ni a bakin kakata na ji ta, kuma ba wanda aka cuta ranar.