Dagona da Baturiya: masu gadi ake buƙata ko ruwa?

Malamin Daji: Assalamu alaikum. Ga abin da na tsaya a kai: ko an ninka masu gadin Dagona da Baturiya, wuraren da aka keɓe wa tsuntsaye a fadamun Haɗeja da Nguru, sau goma, tsuntsaye ba za su koma yadda suke ba, domin ruwan ne ya lalace. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ambaliyar damina ta ragu, ga kuma ruwan da ake saki da rani. Fadamar da a da takan bushe ƙurmus yanzu kullum a jiƙe take. Abin da kacalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ke so ke nan, shi ya sa ta cinye hanyar ruwan Marma har zuwa tafkin Nguru.

Mai Ƙidayar Tsuntsaye: Wa alaikumus salam. Malam, ka haɗa tsuntsaye iri biyu a kwando ɗaya. Agwagin da ke zuwa daga Turai wajen Oktoba da Nuwamba, su koma a Maris, ruwa mara zurfi mai buɗaɗɗen fili suke nema. A kansu ka yi gaskiya. Amma dinya da kirinjijiya da gauraka 'yan gida ne, a nan suke ƙyanƙyasa da damina. Gauraka ƙwai biyu ko uku take yi, ɗanta kuma sai ya yi shekaru kafin ya fara haihuwa. In ana kwashe 'ya'yan ana sayar wa masu kiwonsu a tsakar gida, ko ruwa ya cika maƙil za ta ƙare. Wannan aikin mai gadi ne, ba na injiniya ba.

Injiniyan Ruwa: Malama, a ƙara da cewa ciwon wuraren biyu ba ɗaya ba ne. Dagona da ke ƙasar Bade tafki ne da kogi ya bari bayan ya sauya hanya, sai ambaliya ta kai masa yake cika. Baturiya kuwa, a Kirikasamma, har da daji gare ta, kuma gatari na cin gabaruwa da giyayya.

Baban Masunta: 'Ya'yana, ku yi maganar yankan kacallar, nan ake ɓarnar kuɗi. Masu ƙona ta da rani wahalar banza suke, wuta ba ta kai wa saiwa, toka ma taki ce gare ta. Wanda ya yanke ta a saman ruwa, cikin 'yan makonni ta tofo. Ta ganye take shaƙar iska ta kai wa saiwar da ke cikin laka. Don haka a ƙarƙashin ruwa ake yanka, a bar aƙalla taƙi guda na ruwa a kan kututturen, ya nutse ya ruɓe. A maimaita sau biyu ko uku, kuma kafin ta fid da kai, don kai ɗaya na ɗauke da dubban iri da iska ke watsawa. Abin da aka yanka a fitar da shi tudu. In aka bar shi ya toshe hanya, laka ta taru, an yi mata sabon gado.

Malamin Daji: Baba, ai ka ƙarfafa maganata. In ruwa ya ja baya bayan yanka, kututture ya leƙo, aiki ya ɓaci. Sai an daidaita yankan da lokacin sakin ruwa daga dam.

Mai Ƙidayar Tsuntsaye: Na yarda da wannan. To amma wa zai hana hatsin da ake jiƙa wa guba a watsa a bakin tafki? Agwagwa ta ci ta mutu, shaho da ungulu su ci gawar su bi ta. Haka feshin tsuntsayen jan-baki da ke kwana a cikin kacalla, maganin ba ya zaɓe.

Baban Masunta: Ki haɗa da dumba, wato shingen kama kifi da ake gitta wa hanyar ruwa, da raga mai idon da yatsa ɗaya ba ya shiga. In an tsince ƙananan kifi tas, me zalɓe da kwasakwasa za su ci? Sai dai mai gadin da aka turo daga nesa bai san mai dumbar ba. Sarkin ruwa ya san shi, ya san ubansa. A sa shi cikin aikin, kuma a ware wa masunta watannin da za su shiga.

Injiniyan Ruwa: Baba, waɗanne watanni kake ganin za a rufe, daga shigowar sabon ruwa har kifi ya gama zuba ƙwai?