Majina mai kauri ta hana ni sakat, ga asma ga ciwon karkarwa

Tsohon Hedimasta, Bolari

Assalamu alaikum. Jikata ce ke buga mini wannan ina faɗa mata, don yatsana ba ya tsayawa wuri ɗaya a kan waya.

Shekarata 67. Asma tun ina saurayi nake tare da ita, mun san halin juna. Shekara biyar da suka wuce hannuna na dama ya soma rawa, likita ya ce cutar Fakinsin ce, irin wadda ta kama ɗan damben nan Muhammad Ali. Ina shan levodopa sau uku a rana, bara kuma aka ƙara mini wata 'yar ƙwaya, Artane, saboda karkarwar.

Abin da ya kawo ni majina ce. Tun da hunturun bana ya shigo ta yi kauri kamar jiƙaƙƙen ƙaro, ta manne a maƙogwaro, ba ta wucewa ciki ba ta fitowa waje. In na yi tari ma tarin ba shi da ƙarfi. Da asuba ta fi tsanani. Nakan zauna bakin gado da tsohon gwangwanin madara ina ta kaki kusan rabin awa kafin in iya alwala. Ni nake jan salla a ɗan masallacin layinmu in liman bai fito ba. Ran Talata a tsakiyar Fatiha murya ta shaƙe, sai na jawo na bayana ya ƙarasa. Tun ranar ban sake shiga gaba ba.

Wani abin da ya ɗaure mini kai, da rana bakina a bushe yake ƙamas, da dare kuma filo ya jiƙe da yawu. Wani mai kemis ya ba ni Piriton da maganin tari na kwalba. Barci dai na samu, amma majinar sai ta ƙara daskarewa. Shuɗiyar inhela kuwa in na fesa, rabin maganin a harshe yake ƙarewa saboda rawar hannu. Ruwa ma, in faɗi gaskiya, daga la'asar nake daina sha, don tashi fitsarin dare azaba ne gare ni, ƙafa takan kafe a bakin ƙofa kamar an sa mata gam.

Ranar ganin likitana sai ƙarshen watan gobe. Ko akwai wanda ya taɓa fama da irin wannan, shi ko wani nasa?

'Yar Kumo

Wa alaikumus salam Baba, Allah Ya ba da lafiya, Ya sa kaffara ne. Mahaifiyata ta yi shekara takwas da wannan ciwon kuma ni na yi jinyarta, sai dai ita ba ta da asma.

Baba, maganar ruwan nan ita ce ta farko. Mu ma haka Inna ta riƙa yi, tana gudun ruwa saboda fitsari, majina ta zama kamar danƙo. Sai muka juya abin: filas na ruwan ɗumi a gefenta tun safe, tana kurɓa kaɗan-kaɗan har magariba, ta rage bayan isha'i, fo kuma na ƙarƙashin gado. Da farko ta ƙi fon, wai ita ba jaririya ba ce. Daga baya ita ke tuna mana a ajiye.

Ka lura kuma ko kana ƙwarewa in kana sha ko ci. Inna ruwa zalla ne ke ƙware ta, kunun gyaɗa da koko mai ɗan kauri kuwa lafiya lau suke wucewa. Dambu, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, garin kwaki, duk mai warwatsewa a baki muka janye. Tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ya zama abincinta. Ta zauna sosai a kujera, ba a kishingiɗe ba, loma ƙarama, kuma ba a sa ta hira tana ci.

Ɗan Tudun Hatsi

Malam, sirace za ka yi. Ruwan zafi a roba, a jefa ganyen turare ko ɗan Robb, ka lulluɓa da bargo. Sai zuma da citta da kanumfari safe da yamma. Mu da muke cikin ƙurar hatsi kullum da shi muke rayuwa. Kuma ka bar nono, shi ke kawo majina.

Nas mai ritaya, Bauchi

Sannu Malam, Allah Ya ƙara sauƙi. Ɗan'uwa na Tudun Hatsi, zumar ba laifi in babu ciwon suga, amma siracen nan ban yarda da shi ba. Mutumin da hannunsa ke rawa, ga tafasasshen ruwa a gabansa, ga bargo a ka? Na wanke ƙunar sirace da hannuna ba sau ɗaya ba. Ƙamshin Robb mai ƙarfi kuma yana iya tayar wa wasu asma. Nono ba ya ƙara majina, yawu kawai yake sa wa ya yi nauyi a baki na ɗan lokaci. Abin lura da shi daban ne: nono, nama, wake da ƙwai suna rage shigar levodopa jiki in an haɗa su lokaci guda, shi ya sa ake so a sha ƙwayar kamar rabin awa kafin abinci.

Malam, abin da kake kira majina kashi biyu ne. Akwai ta ƙirji, wadda asma da ƙurar hunturu ke jawowa. Akwai kuma yawun da ya taru a maƙogwaro. Mai lafiya yana haɗiye yawu duk yini bai ma sani ba, Fakinsin kuwa tana rage wannan haɗiyar, tana kuma raunana tari. Shi ya sa filo ke jiƙewa alhali baki a bushe. Da asuba ya fi muni domin ƙwayar daren ta riga ta sake ka, ga abin da ya taru tun kwanciya.

Yanzu ka dubi abin da kake sha. Artane yana busar da baki da maƙogwaro, halinsa ke nan. Piriton ma haka, da yawancin maganin tari mai sa barci. Ka tara masu busarwa, ka kuma hana kanka ruwa, ga iskar hunturu. Piriton da kwalbar nan ka ajiye su. Artane kuwa kada ka tsayar da kanka, ba a yanke shi farat ɗaya, likitan da ya rubuta shi ne zai rage ko ya canza. Kuma kada ka jira ƙarshen watan gobe. Ka sa a kai ka da katinka cikin makon nan, ka zuba duk magungunan a leda ɗaya, har na kemis ɗin, ka ajiye a gabansa. Ka ce a duba haɗiyarka, a kuma haɗa ka da masu gashin ƙashi su koya maka fitar da majina. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke garinku Gombe yana da wannan sashe.

Inhela: ka nemi abin da ake kira sifesa, wato bututun da ake sawa tsakanin inhela da baki, a babban kantin magani. In ba a samu ba, robar ruwa ta rabin lita ta wadatar. A huda gindinta daidai bakin inhela, a girgiza, a fesa sau ɗaya a ciki, kai kuma bakin robar na bakinka kana numfashi a hankali sau huɗu ko biyar. Jikarka ma za ta iya danna maka. Shuɗiyar buɗe hanya kawai take yi, kuma yawanta yana ƙara rawar hannu. In kana neman ta kusan kullum, asmar ba ta kwanta ba, kana bukatar ta rigakafi da ake shaƙa safe da dare, a kuskure baki bayanta.

Wajen fitar da majinar, ka bari sai ƙwayar levodopa ta kama jiki. Ka zauna, ka sha ruwan ɗumi, ka ja numfashi mai zurfi sau uku, sannan ka buɗe baki ka huro iska da ƙarfi kamar za ka goge gilashin tabarau. Sau biyu, ka huta. Ya fi ka yi ta kaki har maƙogwaro ya yi ciwo.

Sunaye uku ka sa a rubuta maka a bangon kati. Propranolol, ana ba da shi don rawar hannu amma yana shaƙe mai asma. Maxolon da Stemetil, na amai da jiri, suna tsananta Fakinsin. Duk wanda zai ba ka magani ya san kana da ciwon biyu.

In ka ga zazzaɓi, ko majina ta koma kore ko da jini, ko numfashi ya hana ka ƙarasa magana, ko inhela ta daina aiki, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare, don abin da ya ɓace hanya ya faɗa huhu shi ke zama limoniya. Tarin da ya wuce mako biyu kuma a gwada kakin saboda tibi, kyauta ne a asibitin gwamnati.

Tsohon Hedimasta, Bolari

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya Nas, kin kama ni, kwalbar nan har biyu na sha. Babban ɗana zai kai ni ran Alhamis, an riga an zuba magungunan a leda. Jikata ta huda robar da wuƙa mai zafi, ta farko ramin ya yi faɗi, ta biyu ta zauna daidai. Fo dai muna kan tattaunawa da uwargida. Na manta ban faɗa ba, takan sa turaren wuta a ɗakin kowace magariba, ga maganin sauro na hayaƙi da dare. Shi ma a daina, ko a bar ƙofa a buɗe ya isa?