Wai me ake ji a QRP ne? Dan Allah a fahimtar da ni

Sabon_shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni dai ban daɗe da samun lasisin amateur radio (rediyon magana da juna na masu sha'awa) ba, ina neman rediyon da zan saya sai wani ya ce wai in fara da QRP, wato wat 5 ko ƙasa da haka. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, an ba mutum damar wat 100 ko ma fiye, me zai sa ya takura wa kansa? Ba wahalar banza ba ce ka yi ta kiran CQ, wato kiran neman duk wanda zai amsa, ba mai jin ka?

Mai_Eriya:
Wa alaikumus salam, barka da shigowa. Malam tazarar ba ta kai yadda kake zato ba wlh. Duba mitar S mai nuna ƙarfin sigina da ke fuskar rediyo, kowane mataki ɗaya desibel 6 ne, ma'ana sai ka ninka ƙarfi sau huɗu kafin allura ta hau mataki ɗaya tak. Daga wat 100 zuwa wat 5 kuwa desibel 13 ne, mataki biyu da ɗan ɗoriya kenan. To wanda ake ji a S9 da wat 100, in ya sauko wat 5 za a ji shi wajen S7, kuma S7 ai ras ake ji in babu ƙara sosai a band ɗin, wato zangon mitar da kake kai. Abin da ke kai sigina nesa eriya ce da yanayin sama, in band ya rufe ko amfilifaya ka jona ba inda za ta.

Baba_Mai_Morse:
Yaro, lissafin da ya ba ka daidai ne amma ba shi ke riƙe mutum ba. Abin da ke riƙe mu shi ne ka haɗa abu da hannunka. Ka zauna da ƙarfen soda kana naɗa siririyar waya a jikin ɗan zoben toroid kana ƙirga zagaye kar ka zarce, ka gama ka jona batir, ka saka abin ji a kunne ka ji shuuu, can ƙasa-ƙasa sai ga wani yana maimaito maka lambar kiranka daga wata nahiya. Ranar ba ka barci da wuri. Kuma ba sabon yayi ba ne, tun 1974 George Dobbs ya kafa ƙungiyar 'yan QRP mai suna G-QRP Club a Ingila saboda wannan. Yanzu ma akwai kit, wato kayan rediyo da za ka haɗa da kanka, irin QCX na kamfanin QRP Labs da ya fito a 2017, band ɗaya, Morse zalla, wato saƙon ɗigo da ja. Ka dinga leƙa 14.060 da 7.030 MHz, nan 'yan QRP ke taruwa. Amma fa ka koyi Morse, don ita ce ke tattara ɗan ƙarfin naka wuri guda, murya kuwa baza shi take.

Injiniya_M:
Baba a gafarce ni, ni ban goyi bayan sabon shiga ya fara da wat 5 ba gaskiya. Da murya a SSB, wato tsarin magana da baki, abin akwai cin rai, ka yi ta kira manyan tashoshi na danne ka har mutum ya fara tunanin ko rediyon ne ya lalace ya jefar da harkar gaba ɗaya. Sannan a faɗi gaskiya, rabin aikin wanda ke can ɗaya ɓangaren ne yake yi, shi ne mai doguwar eriya da haƙurin tsamo ka daga cikin ƙara. Ka sayi mai wat 100, ai yana da wurin ragewa, duk ranar da ka so sai ka sauke shi zuwa 5.

Yar_Tsauni:
Injiniya maganarka na kan hanya amma ka manta da nauyi. Mai wat 100 yana zuƙar wajen amfiya 20 in kana magana, shi kuwa ƙaramin rediyon wat 5 FT-817 na kamfanin Yaesu wajen 2 ne, ƙaramin batir ya ishe ka yini, ka zuba komai a jakar goyo. Masu shirin SOTA da ke hawa duwatsu su yi kira daga can tun 2002 yawanci da irinsu suke yawo, kuma can sama babu ƙarar caja da inbata da ke toshe mana kunne a gida. In Morse ta yi maka nauyi yanzu ga FT8 nan, tsarin aika saƙo ta kwamfuta, kwamfuta na karanto siginar da kunne ma ba ya ji.

Sabon_shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To in na tsaya a wat 5 ɗin wace eriya zan fara da ita?

Mai_Eriya:
Eriyar dayifol ta band ɗin mita 20, waya ce kawai tsawon kusan mita 10, biyar kowane gefe, ka ɗaga ta sama iya ƙarfinka. Kar ka sa doguwar koyaks (wayar da ke haɗa rediyo da eriya) mara kyau ta shanye maka rabin ƙarfin a hanya. Kuma da farko ka rage kiran CQ, ka nemi tashar da kake ji da ƙarfi ka jira ta gama sai ka amsa mata, ta haka aka fi samu.